Laraba, ranar yumɓu

Yau 'yan aji huɗu suka taɓa yumɓu. Tun makon jiya na ce kowa ya zo da tsohuwar riga, amma rabinsu da yunifom suka zo. Sai dai iyaye su yi haƙuri da wanki.

Yumɓun a wajen wata dattijuwa mai ginin tukwane na samo shi, can bayan unguwarmu. Da ta ji yara zan koya wa, sai ta ƙi karɓar kuɗina, har ta ƙara mini da kwanon dakakken tsingaro. Ta ce, "'Yar nan, ki cuɗa shi da wannan, in ba haka ba duk abin da suka gina tsagewa zai yi." Fasassun tukwane ne ake dakawa a tankaɗe. Garin yana hana yumɓu tsukewa da yawa wajen bushewa, kuma yana sa ya jure wuta.

Kafin mu fita waje na ciro takardar naira 20, na juya bayanta, na ce wa ya san matar nan? Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, matar Murtala ce!" Ai yana da hujja, tunda hoton Janar Murtala Muhammed ne a gaba. Na gaya musu Ladi Kwali ce, Bagwariya daga garin Kwali, kuma tukunya ce take ginawa a hoton. A gida ta koyi sana'ar tun tana yarinya. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko a wurin. Tana zana kunama da ƙadangare da kifi a jikin randa, ta je Ingila da Amurka tana nuna aikinta, kuma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa. Takardar ta zaga ajin hannu zuwa hannu. Kullum suna sayen alewa da ita, yau suka fara kallonta.

A gindin darbejiya muka zauna. Na nuna musu yadda za a daɓe gindin kasko, a murza yumɓu ya yi tsawo kamar igiya, a naɗa zagaye bisa zagaye, sannan a shafe gaɓar da jiƙaƙƙen yatsa. Maza suka ce su mota za su yi. Muka daidaita a kan asusu, da sharaɗin ramin ya isa a tura kuɗi.

Akwai wata yarinya da ke zama can baya, muryarta ma da ƙyar nake ji a darasin karatu. Na juyo na ga ba ta bi hanyata ba sam. Ta dunƙule yumɓun, ta luma babban yatsa a tsakiya, tana juya shi a tafin hannu tana matsa bangon a hankali har kaurinsa ya zo ɗaya ko'ina. Ta ɗauki sakaina ta kankare cikin, ta mirgina totuwar masara a wuyansa, ado ya fito ras. Na ce wa ya koya miki? Ta ce kakarta. Sai na ce 'yan layinta su matso su kalli hannunta, ni ma na tsuguna tare da su.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗaukar wannan darasi a matsayin cike gurbi, a jefa shi ƙarshen jadawali, lokacin da rana ta take yara sun gaji. Muna cikin shafe bakin kasake aka kaɗa ƙararrawa. Aikin hannu yana son zama, kuma zan roƙi a haɗa mana darasi biyu a jere.

Da aka tashi sai suka kwashi kayansu za su shanya a rana. Na tare su da sauri, don in waje ya bushe ciki na ɗanye, nan take zai dare. Muka jera su a ɗakin ajiya, kowa ya zana alamarsa da tsinke a gindin nasa, na rufe da jiƙaƙƙen buhu.

Da la'asar na biya wajen Iya mai ginin tukwanen na yi godiya. Ta yarda in sun bushe sarai ta sa su cikin nata ranar da za ta yi gashi. Ina so yaran su je su gani da idonsu, don haka gobe da safe zan nemi izinin hedimasta, in ya amince in rubuta wa iyaye takarda.