`recur` cikin `extend-protocol` na Clojure: ba ya sake tambayar waye ya shigo

Duk wanda ya fara wasa da furotokol (jerin sunayen ayyuka da kowane nau'in bayanai ke aiwatarwa ta hanyarsa) a yaren shirye-shiryen kwamfuta na Clojure akwai wani rami da ke jiransa, kuma abin haushin shi ne kod ɗin yana kama da mai lafiya ƙalau, kampaila ma ba ya cewa uffan.

Rich Hickey ya fitar da Clojure a 2007, furotokol kuwa sai a siga ta 1.2 a 2010 suka shigo, don magance matsalar nan da Philip Wadler ya yi bayani a 1998, wato yadda za ka ƙara sabon aiki a kan nau'in bayanan da ba kai ka rubuta ba ba tare da ka taɓa kod ɗin mai shi ba. To Clojure a kan JVM, wato injin da ke gudanar da kod ɗin Java, take gudu, ita kuma JVM ba ta share kiran ƙarshe daga sitak (inda ake jibge kiraye-kirayen da ba su kammala ba), duk kiran da fankishin ya yi wa kansa sai ya ci guri, shi ya sa aka ba mu `recur`, kuma tun ranar farko ake cusa mana cewa in za ka kira kanka a ƙarshe to yi amfani da shi. Nan ne fa gizo ke saƙar.

Dubi wannan, so muke mu ƙirga zurfin vector (jerin abubuwa cikin `[ ]`) da ke cikin vector:

```clojure
(defprotocol Zurfi
  (kirga [x n]))

(extend-protocol Zurfi
  clojure.lang.IPersistentVector
  (kirga [x n] (recur (first x) (inc n)))
  Object
  (kirga [_ n] n)
  nil
  (kirga [_ n] n))
```

A ido ka ce shi ke nan, in an zo kan lamba ko `nil` ai reshen `Object` ko na `nil` zai karɓa ya dawo da `n`. Ina! Gwada `(kirga [[[5]]] 0)` ka gani, zai fashe da "Don't know how to create ISeq from: java.lang.Long", don ya kai kan 5 amma har yanzu yana cikin reshen vector yana ƙoƙarin ɗauko `first` ɗin lamba. Wannan ma da sauƙi tunda ya yi ihu. Na biyun ne mugun, `(kirga [[[]]] 0)`, `first` na vector maras komai `nil` ne, `first` na `nil` shi ma `nil` ne, haka zai yi ta juyi babu iyaka, kuma tunda `recur` ba ya cin sitak ba za ka taɓa ganin StackOverflowError ba balle ka san inda za ka duba, REPL, wato tagar da kake gwada kod a ciki, kawai zai tsaya cak, fankar kwamfuta ta hau kuka, `n` na ta hauhawa shi kaɗai.

Dalilin ba wani sihiri ba ne. `extend-protocol` makro ne, yana warwarewa zuwa `extend-type`, shi kuma zuwa `extend`, wanda abin da yake karɓa kawai map ne na sunan aiki da `fn` na yau da kullum. To `recur` ba kira ba ne, tsalle ne zuwa kan `fn` ɗin da kake ciki da sababbin ƙima, bai ma san akwai wani furotokol a duniya ba. Zaɓen reshe kuwa a bakin `kirga` ake yinsa, a duba ajin abin, a bi iyayensa, a duba intafes, in duk babu sai `Object`. Kamar asibiti ne, kiran `kirga` da sunansa komawa ne wajen mai kati ya tura ka ga likitan da ya dace, `recur` kuwa likitan ido ne ya leƙo ya ce na gaba ya shigo, ko mai ciwon haƙori ne shi dai ido zai duba.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne in a cikin `defrecord` ko `deftype` ko `reify` ka rubuta aikin, dokar daban ce. Can ainihin method na Java ake haɗawa, don haka `recur` ba ya karɓar `this`, wato abin farko da aka kira aikin a kansa, shi ake saka maka kuma ba ka da ikon canza shi, bayanin `deftype` ma ya faɗi haka ƙarara. Sai mutum ya kwashe kod daga `defrecord` ya kai `extend-type`, kampaila ya ce "Mismatched argument count to recur", sai ya ce au ashe guri ɗaya ne ya rage cikin ƙimomin da ake miƙa wa `recur`, ya cike shi da abu na gaba, kuskuren ya ɓace, ramin ya buɗe. Ni a ganina tsarin `defrecord` ya fi gaskiya, tunda ya hana ka yin abin da ba zai yiwu ba tun farko, shi kuwa `extend` ya bar maka igiya ne kawai. Ba na ce laifin Clojure ba ne fa, `fn` ne kuma ya yi abin da `fn` ke yi, sai dai rubutun biyun sun yi kama da juna sosai har mutum ya ɗauka abu ɗaya ne.

Gyaran mai sauƙi, sa `(kirga (first x) (inc n))` a madadin `recur`, yanzu kowane zagaye zai koma wajen zaɓe, `[[[5]]]` ya ba ka 3, `[[[]]]` ma 3. Kuɗinsa shi ne sitak, in bayanan sun yi zurfin dubbai to StackOverflowError na nan tafe, amma don JSON ko saitin manhaja da wuya ka kai can. In kuwa da gaske zurfin na da yawa, akwai `trampoline`, wanda ke ta kiran fankishin ɗin da aka dawo masa da shi ba tare da cin sitak ba, sai dai ni ba na son yadda yake sa kowane reshe dawo da fankishin, karatun kod ɗin sai ya yi nauyi. Na fi son furotokol ya yi taku ɗaya tak, misali ya ce ga abu na gaba ko kuma an gama, sannan `loop` da `recur` su zauna a waje cikin `defn` na daban suna kiransa da suna a kowane zagaye. `recur` cikin reshe kuma in bar shi sai inda na tabbata abin farko, wato `x`, ba zai canza aji ba, ko kuma `loop` na buɗe a ciki da kaina.