An karrama jarumi, toh mai shagon da ya ba da aron kaya fa?

Duk wanda yake bin bukukuwan karrama 'yan fim da mawaƙa a arewa ya san yadda abun yake tafiya. A kira gwarzon jarumi, a kira jaruma, darakta, mawaƙi, sai can ƙarshe a kira babban baƙo, yawanci ɗan siyasa, a miƙa masa wani gilashi mai ƙyalli wai shine uban masana'anta, alhali bawan Allahn nan ko lokeshan bai taɓa takawa ba, sisinsa bai shiga fim ɗin kowa ba, ya dai yi alƙawarin miliyoyi a lasifika, kuma mun san inda irin wannan alƙawarin yake kwana. Abun da yake ci mun tuwo a ƙwarya shine waɗanda da gaske suke ɗauke da aikin ba a ma turo musu katin gayyata.

Ku duba ƙarshen fim ɗin Hausa, wajen da ake rubuta godiya ta musamman, wanda rubutun yake gudu kaman ana korarsa kuma babu mai tsayawa ya karanta. Nan zaka ga sunan otal ɗin da ya bari akai ɗauka a harabarsa, mai shagon atamfa da leshi da ya ba da aron kayan amarya, telan da ya kwana yana ɗinki, Alhajin da ya bar musu gidansa sati guda iyalinsa na takure a ɗaki ɗaya, mai sai da motoci da ya ba da jif aka yi sin ɗin attajiri da ita. Na taɓa ganin wani mai shagon takalma yana liƙa selotef a ƙasan takalmin da za a ara, don kar ya goge ya kasa sayuwa in an dawo dashi. Shima fa jari ya zuba, daidai ƙarfinsa.

Kuma in ana maganar gaskiya, Kannywood ɗin kanta a hannun 'yan kasuwa ta girma. Daga wajen 1990 da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo irin su Tumbin Giwa suka fara naɗar fim a kaset, waye ya kai shi Zinder da Maraɗi da Kumasi? 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai ne. Su suke saye, su buga, su rarraba, wani lokacin ma su zasu ba furodusa kuɗin aiki tun kafin a kunna kyamara. Eh na sani, akwai ƙorafi mai yawa a kansu, furodusoshi sun sha kuka cewa a saye fim ɗinka tashi ɗaya a ci riba shekara da shekaru kai ko oho, ba zan wanke su ba. Amma da satar fasaha ta kashe kasuwar faifai aka koma YouTube, ai kowa ya ga ramin da suka bari. Haka littattafan Hausa na kasuwar Kano, masu shagunan littafi ne suka riƙe su.

Matsalarmu ina ganin tsohuwa ce. Mun saba da tsarin ubangida da mawaƙinsa. Ɗanƙwairo yana da sarakunansa, Shata yana da iyayen gidansa da ya wasa har duniya ta san su, a ba ka doki ko mota ko kujerar Makka, kai kuma ka biya da kirari. Tsari ne da ya yi aiki a zamaninsa, ban raina shi ba ko kaɗan, amma shi yasa har yau in mai kuɗi ya taimaki mai fasaha sai ya zauna jiran a ambaci sunansa a waƙa, mai fasahar kuma yana ganin kansa a matsayin yaron gida, ba zai iya buɗe baki yace a rubuta yarjejeniya ba, kar ace ya yi rashin kunya.

Sai kuma harkar jakadanci, irin yadda Glo ta ɗauki su Ali Nuhu da Sani Danja. Wannan ciniki ne mai kyau, Allah ya ƙara kasuwa, an biya ka an sa fuskarka a allon talla. Talla ce dai, ba ita nake nufi ba.

A Afirka ta Kudu akwai wata ƙungiya BASA mai haɗa 'yan kasuwa da masu fasaha da aka kafa a 1997, gwamnati da 'yan kasuwa suka haɗu suka yi ta, kuma lambobin yabonta ba mutum ɗaya ake ba ba, haɗin ake karramawa, kamfanin da masu fasahar tare. Abun da ya fi burge ni shine yadda suka ware rukuni na ƙananan 'yan kasuwa, da na wanda ya taimaka da kaya ko wuri ba tsabar kuɗi ba, da na haɗin da ya daɗe. Kun ga da a nan ne, mai selotef ɗina yana da layin da zai shiga.

Mu ma ba wai bamu da misalai bane. Kamfanin gas na NLNG tun 2004 yake ɗaukar nauyin gasar adabi, kyautar ta kai dala 100,000, ɗan Jos Abubakar Adam Ibrahim ya ci a 2016, sai dai da Turanci ake shiga, mai rubutu da Hausa sai kallo. BBC Hausa ta fara gasar gajerun labarai ta mata, Hikayata, a 2016, mata nawa ne da rubutunsu ya tsaya a littafin makaranta ƙarƙashin katifa yanzu ake karanta labarinsu a rediyo? Sannan yaƙi da shan inna, kafin a kai ga sanarwar 2020 cewa an rabu da nau'in cutar na asali a Afirka, mawaƙa da 'yan wasa da masu haska majigi a ƙauyuka sun yi aiki tare da sarakuna da ƙungiyoyin sa kai, sun shiga inda ma'aikacin lafiya shi kaɗai da ƙyar a buɗe masa ƙofa. Waye ya tara su ya ce an gode?

A unguwarmu ƙungiyar matasa ce ta yi karo-karo, mai shagon fenti ya ba da galan-galan a farashin sari, aka kira wani mai zanen bayan manyan motoci ya zana bangon firamare, taswirar Najeriya, sassan jikin mutum, baƙaƙe da wasula, har da zaki irin nasu na gingimari wanda hedimasta ya so a goge yara suka ce basu yarda ba. An biya shi cas a ranar da ya gama, ya rubuta lambar wayarsa a ƙasan bangon, daga nan wasu makarantun suka fara nemansa. Ba babban baƙo, ba kanofi, ba mai jawabi.

In da za a tambaye ni yadda za a zaɓi waɗanda za a karrama, ni ba zan fara da nawa aka kashe ba. Zan kira mai fasahar gefe in tambaye shi, an biya ka akan lokaci ko sai da ka yi ta sintiri ofis ana ce maka oga ya yi tafiya? Aikin na waye bayan an gama, zaka iya sa shi a tasharka ko sun riƙe? Sun sa maka baki sun ce sai ka cusa sunan shugaban kamfani a baiti na biyu? Kuma bana sun dawo, ko shekarar zaɓe ce kawai suka tuna da ku? Duk kamfanin da ya tsallake waɗannan a ba shi lambarsa a gaban jama'a, a kira shi da abokin aikinsa su hau dandamali tare. Ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ko ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kano zasu iya ƙara wannan rukunin a bikinsu na gaba, kuɗin gilashi ɗaya ne kawai, sai a rage na babban baƙo.