Shugaban da ake iya kai wa mummunan labari

Na fara aiki a ƙarƙashin manajan da in ya shigo ofis kowa sai ya gyara zama. Tunani nasa ne, namu aiwatarwa. Ba shi ya ƙirƙiro salon ba. Tun 1911 wani injiniya mai suna Frederick Taylor ya tsara shi a Amurka: manaja ya auna kowane motsi da agogo, ma'aikaci kuma ya bi. A masana'antar Ford, inda daga 1913 mota ke tafiya kan layi kowa na ɗaura abu guda, tsarin ya yi aiki, domin ilimin aikin yana sama ne.

Da ragama ta zo hannuna, sai na tarar matasan da nake jagoranta sun fi ni sanin manhajojin da muke aiki da su. To umarnin me zan ba wanda ya fi ni sanin abin da ke gabansa? Abin da ya rage mini shi ne in san gaskiyar halin da ake ciki da wuri, wannan kuwa ba ya samuwa da tsawa.

Dabarar da na aro ta Toyota ce. A masana'antarsu akwai igiya da kowane ma'aikaci, komai ƙanƙantar matsayinsa, zai iya ja in ya ga kuskure, har layi ya tsaya in ba a warware matsalar ba. Sai na mayar da tambayar farko a taronmu na mako ta zama: me ya lalace? Da farko shiru kake ji. Ranar da wata ma'aikaciya ta yi ƙarfin hali ta ce aikin da muka yi wa abokin ciniki alkawari ba zai kammala a kan lokaci ba, na lura ba ita ake kallo ba, fuskata ake kallo. Na yi mata godiya, muka hau neman mafita. Daga nan bakuna suka buɗe.

Shi ya sa ban taɓa yarda da tsarin Jack Welch, tsohon shugaban kamfanin General Electric, ba, na jera ma'aikata duk shekara a sallami kashi 10 cikin 100 na ƙasa. Wa zai tona kuskurensa alhali yana takara da na kusa da shi? Microsoft ma ta yi watsi da irin wannan jeri a 2013.

Annobar korona ta 2020 ta ƙara tsananta lamarin. Da aka koma aiki daga gida, babu fuskar da zan karanta a ofis, dole in kira mutum ɗaya-ɗaya in tambaya, in kuma auna shi da abin da ya kammala maimakon awannin da ya yi a kujera.

Kada a ɗauka sauraro na nufin sakin ragama. In an gama muhawara ni ke yanke hukunci, kuma in ya ɓaci sunana ne a kai, ba na wanda ya kawo shawarar ba.