Kafin ka sa "Limited" a bayan sunan shagonka

Yawancin 'yan kasuwar Sakkwato ba sa tunanin kafa kamfani sai ranar da aka tambaye su lambar RC, wato lambar rajistar kamfani. Mai fataucin albasa ya samu wanda zai saya daga ƙasar waje, ko mai harkar fata yana son lasisin fitar da kaya, sai a ce masa takardar da ke hannunsa ta sunan kasuwanci ce, ba ta isa ba. Hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, NEPC, ba ta ba mai rajistar sunan kasuwanci shaidar fitar da kaya. Sai kamfani ko ƙungiyar gama kai. Daga nan sai gaggawa, a ruga shagon kwamfuta, a miƙa wa ejan kuɗi, a ce ya yi duk yadda ya gani. A wannan gaggawar ake dasa matsalolin da sai bayan shekaru suke tsirowa.

Bambancin takardun biyu ba na ado ba ne. Mai sunan kasuwanci, wanda lambarsa ke farawa da BN, shi da shagonsa abu guda ne a wurin doka: idan bashi ya ci shagon, ana iya bin gidansa da gonarsa. Kamfani kuwa doka tana ɗaukarsa kamar mutum mai zaman kansa. Yana mallakar fili da sunansa, yana cin bashi, yana kai ƙara, ana kai shi. Idan ya karye, abin da ke wuyan mai hannun jari shi ne ragowar kuɗin hannun jarin da ya ɗauka bai biya ba. Ma'anar "Limited" ke nan.

Dokar da ke aiki yanzu ita ce dokar kamfanoni, CAMA, ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan shekarar, ta maye gurbin ta 1990. Ta sauƙaƙa abubuwa ƙwarai. Mutum ɗaya tak yana iya kafa kamfani, ya zama shi ne mai hannun jari, shi ne darakta. Ƙaramin kamfani ba dole ne ya naɗa sakatare ba, hatimi ma ya zama ganin dama. Saboda haka wanda ya ce maka sai ka nemo mutum na biyu "don cike gurbi", da tsohuwar doka yake aiki.

Aikin duka a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ake yinsa ta intanet. Da farko a nemi suna. Idan ya samu shiga, ana ajiye maka shi kwana 60. Ka bari suka wuce ba ka kammala ba, sai ka sake biya. Ana ƙin suna idan ya yi kama da na wani kamfani, kuma kalmomi irin su Federal, National, State, Group da Holding sai da izini na musamman. Sunaye irin Nasara da Alheri da Albarka an riga an cinye su ta kowace fuska, don haka ka haɗa da wata kalma da ta bambanta ka, kuma ka tanadi suna na biyu. Bayan suna sai bayanan daraktoci da masu hannun jari: lambar NIN, ranar haihuwa, waya, imel, hoton sa hannu, da adireshi. Nan ne aka fi dawo wa mutanenmu da takarda. NIN ta ce Muhammadu, fom ya ce Mohammed. Ko an sa sunan gari a matsayin sunan mahaifi a wuri ɗaya, an bar shi a ɗayan. Ka kwafi suna harafi bayan harafi yadda yake a NIN. Adireshin ofis kuma ya zama na gaske mai suna da lamba, ba "bayan masallacin Juma'a" ba, domin banki zai aiko a duba.

Sai jari, wanda shi ne aka fi yi wa gurguwar fahimta. Mafi ƙarancin jarin kamfani mai zaman kansa naira 100,000 ne, ko da yake yawanci miliyan 1 ake rubutawa. Ba kuɗi ne da za ka kai wa CAC ba, ba kuma sai ka nuna su a asusu ba ranar rajista. Alkawari ne, an yanka shi hannu-hannu, kuma doka ta ce a raba shi duka ga masu shi, kada a bar saura. Da shi ake lissafin kuɗin rajista da harajin hatimi na kashi 0.75 cikin ɗari, wato naira 7,500 a kan kowane miliyan. Wanda ya rubuta miliyan 50 don a ga girmansa ya ƙara wa kansa kuɗin rajista, ya kuma faɗaɗa abin da za a iya binsa idan kamfanin ya rushe bai biya ba. Akwai dai sana'o'in da aka yanka wa nasu ma'auni: kamfanin masu gadi miliyan 10, na tafiye-tafiye miliyan 30. In ejan ya cusa maka harkar Umara cikin manufofin kamfani "ko da wata rana", sai a dawo da takardar a ce jarinka bai kai ba.

Abin da na fi so a tsaya a kai shi ne rabon hannun jari, domin shi ne ainihin mallaka. Ba wanda ya fi zama a shago ba, ba wanda sunan kakansa ke kan allo ba. Wanda takarda ta ce yana da kashi kaza, shi ke da shi. Wa da ƙane su raba hamsin-hamsin saboda kunya, ranar da suka saɓa babu mai rinjaye, kamfani ya tsaya cik. Shawarar yau da kullum tana wucewa ne da fiye da rabin ƙuri'a, manyan sauye-sauye irin canza suna ko gyara ƙa'idoji sai da kashi uku cikin huɗu. To mai kashi 30 yana iya tare ƙofa. Haka wanda ya sa sunan ɗansa ɗaya ko matarsa ɗaya a kashi 20, yana ganin cike fom ne kawai, ya sani cewa a idon doka kyauta ya yi. Ranar rabon gado wannan kason ba ya cikin dukiyar mamaci, sai dai a yi ta shari'a, kuma zumunci ne ke biyan kuɗin. A zauna a yi maganar tun ana dariya, a rubuta wa ya kawo kuɗi, wa ya kawo rumfa, wa ya kawo ƙarfinsa. Duk mai kashi 5 ko fiye dole a bayyana shi ga hukuma a matsayin mai faɗa a ji. Idan kuma abokin cinikinka na Ƙonni, ɗan Nijar, ne za a ba hannun jari, kamfanin ya fita daga sahun ƙananan kamfanoni, kuma sai an yi rajista da hukumar bunƙasa zuba jari, NIPC.

In an amince, takardu uku za ka sauke: satifiket mai lambar RC da lambar haraji, rahoton da ke nuna daraktoci da rabon jari, da kundin manufofi da ƙa'idoji. Ka karɓi ukun duka. Ka kuma tabbata imel da lambar wayar da ke kan rajistar naka ne, ba na ejan ba, in ba haka ba duk sanarwar hukuma wurinsa za ta tafi.

Sai a buɗe asusun banki da sunan kamfani. Dillalan motoci, masu harkar filaye da gidaje, masu zinari da 'yan kwangilar gini, banki zai nemi shaidar SCUML, sashen EFCC mai yaƙi da halatta kuɗin haram, tukuna. Daga ranar, kuɗin ciniki su shiga can, kai kuma ka yanka wa kanka albashi. Cefanen gida, kuɗin makarantar yara da gudummawar biki kada su fito daga asusun kai tsaye. Katangar da doka ta gina tsakaninka da bashin kamfani tana da iyaka: kotu na iya tsallake ta idan an yi zamba da sunan kamfanin, kuma idan ka sa hannu ka tsaya wa kamfani a bashin banki, da bakinka ka buɗe ƙofar, gidanka ya shiga ciki.

Rahoton shekara-shekara shi ne abin da kusan kowa ke mantawa. Na farko yana zuwa ne wajen wata 18 bayan rajista, daga nan kowace shekara, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. In an bari, tara tana taruwa, shafin CAC ya nuna kamfanin ba ya aiki, kuma shekara 10 a jere ta isa a soke shi. Wannan daban yake da na hukumar haraji. Dokar Kuɗi ta 2019 ta ɗauke harajin riba ga kamfanin da cinikinsa na shekara bai wuce miliyan 25 ba, sababbin dokokin haraji na 2025 suka ɗaga iyakar, amma ɗauke biya bai ɗauke kai bayani ba. Wanda bai kai bayanin ba, ranar da ya je neman takardar shaidar biyan haraji don kwangila zai tarar da tarar shekarun baya tana jiransa.