Fuskar da ta shanye ba ta son a matsa mata

Ganewar ciwon bai ba ni wahala ba. Da bakina ya karkace zuwa dama, ruwan kurkure baki kuma ya riƙa zubewa ta gefen hagu idan ina alwala, mutanen gida sun kasu biyu: wasu suka ce iska ce ta buge ni, wasu suka ce shanyewar ɓarin jiki ce ta fara. A asibiti likita ya sa na ɗaga gira, da ya ga goshin ɓangaren hagu ya ƙi motsi sai ya bayyana mini cewa a shanyewar ɓarin jiki galibi goshi yakan ci gaba da aiki, nawa kuwa jijiya ta 7 ce daga cikin jijiyoyin kai ta kumbura a cikin siririyar hanyar ƙashi da take bi kusa da kunne. Shi ne ciwon shanyewar fuska da ake kira Bell's palsy, wanda ake danganta wa Charles Bell, likitan tiyata ɗan Sikotlan da ya yi bayanin aikin wannan jijiya a 1821. An fara ba ni prednisolone, maganin rage kumburi, kafin awa 72 su cika da fara ciwon, wanda shi ne lokacin da maganin ya fi amfani.

Abin da ya biyo baya shi ne har yanzu yake ci mini rai. Kusan duk wanda ya zo dubiya ya zo da shawara iri ɗaya: in tauna cingam, in hura balan-balan, in yi ta yamutsa fuska da iyakar ƙarfina. Da daga 'yan uwa kaɗai ta fito da ban damu ba, amma a wani ƙaramin wurin gashin ƙashi, wato fisiyo, da aka tura ni, ma'aikacin da ya karɓe ni ya tabbatar da ita, ya kuma riƙa ɗora mini na'urar lantarki a kunci yana ƙara ƙarfinta har sai fatar ta yi tsalle, yana cewa gwargwadon matsawa gwargwadon saurin warkewa. Fuskar kuwa ta fara motsi, kowa yana barka.

Bayan wasu watanni sai na lura cewa idan na yi murmushi idon hagu yakan tsuke da kansa, idan na lumshe ido kuma gefen bakina yakan ja sama, kuncin ya yi tauri tamkar an ɗaure shi daga ciki. A sashen fisiyo na wani babban asibiti na samu wadda ta saba da irin wannan matsala. Ta ce jijiyar da ta lalace takan sake tsirowa a hankali, kimanin milimita 1 a rana, kuma wasu rassanta sukan ɓace hanya, reshen da ya kamata ya koma leɓe ya je fatar ido. Wannan yana iya samun mutum ko da bai yi komai ba, musamman wanda shanyewarsa ta yi tsanani. Sai dai yamutsa fuska gaba ɗaya da ƙarfi yana koya wa tsokoki su riƙa motsi tare, abin da ake buƙata kuwa shi ne kowace ta koyi motsi ita kaɗai. “Malam,” in ji ta, “yanzu aikinmu shi ne mu warware abin da aka koya wa fuskarka.”

Aikin da ta ba ni ƙarami ne ƙwarai, har da farko na ɗauka bai isa ba. Nakan zauna gaban madubi, in fara murmushi a hankali ba tare da haƙora sun bayyana ba, idona yana kan fatar idon hagu. Da zarar ta fara saukowa sai in tsaya, in saki fuskar, in sake daga farko. Nakan sa babban yatsa mai tsabta a cikin baki, sauran yatsu a waje, in kama naman kuncin in ja shi ƙasa sannu a hankali har taurin ya sake. Mintuna kaɗan ne sau da yawa a yini, kuma idan fuska ta gaji a daina. Na'urar lantarki kuwa ta ce in rabu da ita.

Kula da ido shi kaɗai ne abin da aka yi mini daidai tun farko: maganin ɗigawa da rana, man ido da filasta da dare, da tabarau idan zan hau babur cikin ƙurar hunturu, domin idon da ba ya rufuwa yana iya bushewa har ya yi gyambo.

Mafi yawan masu wannan ciwo, wajen bakwai cikin goma, sukan warke sarai, don haka shawarar cingam takan ci sunan magani alhali jijiyar ce ta warke da kanta. Waɗanda tasu ta yi tsanani su ne suke biyan kuɗin wannan shawara. Shi ya sa idan aka kawo mini wani da bakinsa ya karkace, bayan na tabbatar ya ga likita a ranar, nakan ce ya tambayi duk mai yi masa gashi me zai yi idan ido da baki suka fara motsi tare, idan ba shi da amsa ya nemi wani. Ni dai tsukewar idon ta ragu sosai, kuma an ce idan taurin kuncin ya ƙi sakewa akwai allurar Botox da ake yi don sassauta tsokar, muna kan shawara a kanta da likitata.