Godiya Ga Jama'ar Zango: Allah Ya Tashi Kafaɗuna

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayena da 'yan'uwana na Aboabo, Asawase, Sabon Zango, Alabar da Tafo, da danginmu na Nima da Mamobi can Ankara, babban birnin Ghana, ni ce 'yar'uwarku mai atamfa a kasuwar Kejetia ta Kumasi, wadda kuka daɗe kuna tambayar jikinta. Alhamdu lillahi, na samu sauƙi. Ina gida, ina takawa da ƙafata, likita kuma ya yarda in fara leƙa kasuwa. Tun ina gadon asibiti nake da niyyar bin gidajenku ɗaya bayan ɗaya, to ƙarfin bai kai nan ba tukuna, ni kuma nauyinku ya hana ni sakat. Shi ya sa na rubuto. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda bai gode wa mutane ba, bai gode wa Allah ba.

Na ji maganganun da suka yi ta yawo a kan ciwona. Wasu sun ce ƙari aka ciro mini, wasu sun ce jifa ce. Bari ku ji daga bakina: tiyatar rage ƙiba aka yi mini, kuma bayan aikin ne matsala ta biyo. Ba na jin kunyar faɗi. Mu a Zango idan mace ta yi jiki sai a ce hutu ne, maigida yana kula da ita, amma ba wanda yake ganin abin da take sha da dare. Ciwon suga ya kama ni, hawan jini ya biyo baya, gwiwoyina suka ƙi ɗaukata har sallah ta koma ta kan kujera. In na yi barci numfashina ɗaukewa yake, sai in farka a firgice. Likitoci suna da wani ma'auni da suke haɗa nauyin mutum da tsayinsa. A ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka fitar a 2022, wanda nasa ya kai 35 ana iya yi masa aikin, haka ma wanda ya kai 30 in yana da ciwo irin suga. Nawa ya haura 40. Ba kwalliya na je nema ba, lafiya na je nema, da sanin maigida da iyayena, bayan istihara.

A wani asibitin kuɗi a Ankara aka yi aikin. Ba a tsaga ciki gaba ɗaya, 'yan ƙananan huji ake yi a zura kyamara da kayan aiki, a yanke kamar kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi a cire, abin da ya rage ya zama siriri kamar ayaba, a ɗinke gefensa da wasu 'yan maƙalai na ƙarfe. Tun kafin in sa hannu an gaya mini cewa ɗinkin kan iya yin yoyo, kuma hakan na faruwa ga kamar mutum 1 zuwa 3 cikin 100, ko a hannun gwani. Allah ya ƙaddara ina cikinsu. Ban riƙe kowa a zuciyata ba.

Godiyata ta farko bayan Allah ga 'yata ta fari take, wadda ke karatun aikin jinya. Bayan an sallame ni mun dawo Kumasi, wani dare zazzaɓi ya rufe ni, kafaɗata ta hagu tana ciwo kamar za ta cire, numfashi yana yi mini wuya. A garin nan kowane zazzaɓi na cizon sauro ne a wurinmu, har an aika yaro kemis. Ita kuwa yarinyar nan ba ta ce komai ba. Ta zauna bakin gado, ta kama wuyan hannuna da yatsu biyu, ta ajiye wayarta a cinya tana kallon agogo, laɓɓanta na motsi tana ƙirga. Ta gama, ta sake daga farko. Sai ta ɗago ta ce, "Mma, bugun zuciyarki ya wuce 120 kuma kina kwance. Ba za mu kwana a gidan nan ba." Babanta ya ce a bari gari ya waye. Ta durƙusa gabansa ta ce, "Baba, don Allah ka yi haƙuri, yanzu za mu tafi." Tunda aka haife ta ban taɓa jin ta mayar wa babanta magana ba sai ran nan. Daga baya likita ya shaida mana cewa saurin bugun zuciya yakan zama alama ta farko ta yoyon ɗinki, wani lokaci tun kafin ciki ya fara ciwo sosai, kuma ciwon kafaɗar ma daga can yake tasowa. 'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu jin ƙanki kamar yadda kika ji ƙaina.

Maƙwabcinmu direban tasi, wanda aka buga wa ƙofa cikin dare ya fito ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba, ya ƙi karɓar ko sidi ɗaya, Allah ya tsare maka hanya.

A babban asibitin da aka kai ni nan Kumasi aka ba ni wani ruwa na sha, aka ɗauki hoton ciki, aka ga inda yake yoyo, can sama kusa da mahaɗar tumbi da hanyar abinci. Mugunya ta riga ta taru. Aka sa roba ta gefen cikina tana janye ta, aka ɗora ni kan alluran kashe ƙwayoyin cuta, aka hana ni ci da sha kwatakwata, abinci sai ta jijiya. Daga baya aka zura wani bututu ta baki aka rufe wurin da shi har nama ya haɗe, sannan aka cire. Likitoci da nas-nas na ɗakin kulawa ta musamman da na ɗakin mata, ban san sunayen yawancinku ba, amma na san muryoyinku. Akwai wata nas Ba'asantiya da kullum take zuwa da allurar hana daskarewar jini, ta tsira mini a fatar ciki, sannan ta ce sai na tashi na taka. Ina kuka ina cewa ba zan iya ba, ita kuma ta rungumo ni, ta ɗauki jakar robar da hannu ɗaya, mu kai bakin ƙofa mu dawo. Ta ce wanda aka yi wa aiki ya kwanta bai motsa ba, jini kan dunƙule masa a ƙafa, ya tafi huhu. Medaase, wato na gode, 'yar'uwata. Allah ya saka miki.

Yanzu zan yi maganar abokiyar zamana, kuma na san ba za ta so ba.

Duk abin da na sha a asibitin nan, babu kamar ƙishirwa. Mutum yana ganin ruwa a gora, yana jin ana zuba shi a kofi a gadon kusa, shi kuwa ko ɗigo an hana shi. Harshena ya bushe ya tsage. Baiwar Allah nan ta bar 'ya'yanta wurin mahaifiyarta, ta shimfiɗa tabarma a barandar asibiti tana kwana cikin sauro. Da izinin nas take jiƙa auduga ta matse, ta goga mini a laɓɓa, ta shafa mini man kaɗe, ta yi ta yi mini salati a kunne har barci ya ɗauke ni. Ita ke yi mini tsarki. Ita ke riƙe mini ƙasar taimama, ta juya ni in fuskanci alƙibla. Akwai ranar da na roƙe ta da girman Allah ta ba ni kurɓi ɗaya, na ce ba wanda zai sani. Hawaye na zuba a fuskarta ta ce, "Yaya, ki yi fushi da ni yau, gobe ma ki yi, amma ba zan ba ki ba." Mutane suna faɗin abin da suka ga dama a kan kishi, ni dai ga abin da idona ya gani. Ƙanwata, ban da abin da zan biya ki. 'Ya'yanki nawa ne har in koma ga Allah.

Maigida, Alhaji, ka sayar da abin da ka sayar ba ka bari na ji ba sai a bakin wasu, kuma ko sau ɗaya ba ka ce mini "da ba ki yi ba". Allah ya ƙara rufin asiri, ya mayar maka da ninkinsa.

Da jinina ya yi ƙasa aka nemi masu bayarwa, liman ya yi sanarwa bayan sallar asuba. Kafin hantsi samarin unguwa sun cika wurin ɗibar jini: masu tuƙa pragya (keke mai ƙafa uku), masu gyaran waya, 'yan ƙwallo, ɗaliban makarantar Islamiyya, har da abokansu Asantawa da Dagombawa da ba su taɓa ganina ba. Kusan rabin lita ake ɗiba a jikin kowa. An ce mini wani yaro da aka mayar don nauyinsa bai kai kilo 50 ba ya tsaya yana gardama, wai a sake auna shi. Yarana, sau da yawa sunan samarin Zango ba ya fitowa sai in an yi rigima. To ni shaida ce, jininku ne yake gudana a jikina yau. Iyayensu mata, ku sa musu albarka.

Katin inshorar lafiya ya ɗauke wani abu, amma jinya irin wannan ta fi ƙarfin kati. Matan adashinmu, ƙarƙashin Magajiya, kun ba ni kwasa alhali ba layina ba ne, wadda ke da layin kuma tana shirin aurar da 'ya ta ce ta yafe sai wani zagaye. 'Yan'uwa na Jamus, Italiya da Amurka, saƙonku ya iso. Masu turo sidi 10 da sidi 20 ta MoMo, wato ta waya, wasu ko suna ba su bari an sani ba, Allah ya san ku. Maƙwabciyata a kasuwa, Kirista ce, ita ta riƙe mini shago, ta rubuta kowane yadi da aka sayar a littafi, ta kuma sa aka yi mini addu'a a cocinsu. Sai wata yarinya 'yar kayaye da ke ɗaukar mini kaya daga tasha. Ta zo har asibiti da sidi 5 a ƙulle a bakin zane. Na ce ta bar shi, ta ajiye a ƙarƙashin matashina ta fita da gudu. Wanda ya san abin da yaran nan ke samu a wuni ya san girman kuɗin nan.

Bayan an sallame ni amai ya sa ni gaba, duk abin da na kurɓa sai ya dawo. Ƙafafuna suka mutu, na fara ganin abu ɗaya ya zama biyu. Wata matashiyar likita ce ta gane cewa bitamin B1 ne ya ƙare a jikina, ta ce ajiyarsa a jikin mutum ba ta wuce ta mako 2 zuwa 3, kuma in aka yi jinkiri yakan taɓa ƙwaƙwalwa. Aka yi mini allurarsa ta jijiya, idona ya dawo daidai. Likita, Allah ya ƙara basira.

Azumi ya zo likitoci suka ce kada in ɗauka, domin ɗan tumbin da ya rage ba zai iya ɗaukar ruwan wuni guda a zama ɗaya ba. Wannan ya fi aikin kansa yi mini ciwo. Ana kiran magariba gida ya ɗauki ƙamshin koko da ƙosai, ni ina ɗaki ina kuka. Malaminmu ya tako har gida, ya karanta mini ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara, ya ce, "Hajiya, wanda ya wajabta azumin shi ya yi wa marar lafiya rangwame. Ki karɓi kyautarsa, in kin warke ki rama." Malam, Allah ya ƙara wa rayuwa albarka.

Ina da roƙo gare ku. Cin abincina yanzu 'yan cokula ne, a hankali, ana tauna sosai. Kifi, ƙwai, kaza da wake nake fara ci, don ana so in samu furotin aƙalla giram 60 a wuni, ruwa kuma kamar lita ɗaya da rabi, kurɓi-kurɓi, ba tare da abinci ba. Lemon kwalba mai gas na bar shi. Magungunan ciwon jiki irin ibuprofen da diclofenac an hana ni, don suna iya yi wa tumbin gyambo. Bitamin B12, sinadarin ƙarfe da na ƙarfin ƙashi kuwa sai dai in yi ta sha iya rayuwata. Saboda haka in na zo sunanku ko bikinku aka ajiye mini waakye ko tuwon zafi da miyar ayoyo na taɓa kaɗan na rufe, don Allah kada a ce raini ne, kada kuma a matsa mini. In kun ga gashina ya zube na rame, ba wani sabon ciwo ba ne, an ce yakan faru a watannin farko kuma ya fara tsirowa.

Mata da yawa sun kira ni a asirce suna tambaya ko su ma su yi. Sugana ya sauka, an rage mini magunguna, goshina ya koma taɓa ƙasa a sujada, kuma ba na nadama. Amma ba zan ce wa kowa ta yi ko ta bari ba, wannan tsakaninki ne da likita. Abin da zan ce shi ne, kada ki yi a ɓoye. Ko a Ankara za a yi miki ko a wata ƙasa, ki tambaya tun farko: in matsala ta taso da tsakar dare ina Kumasi, wa zai duba ni? A samu mutum a gida da ya san alamun haɗari: saurin bugun zuciya, zazzaɓi, ciwon kafaɗar hagu, ƙarancin numfashi, kumburin ƙafa ɗaya, aman da ya ƙi tsayawa. Mai son haihuwa kuma ta sani ana cewa a dakata wata 12 zuwa 18 kafin ɗaukar ciki. Wadda take son ƙarin bayani ta zo gida, ƙofata a buɗe take, kuma maganarta ba za ta fita ba.

Waɗanda suka zo dubiya aka hana su shiga, da waɗanda suka kira ban ɗauka ba, ku yafe mini. Masu ankon da suka ba da kuɗi kafin in kwanta, kayanku suna nan a shago an ware wa kowa nasa. In Allah ya yarda ranar Juma'a mai zuwa bayan la'asar za a yi saukar Alƙur'ani a gida, kowa da kowa muna gayyata. Akwai wata dattijuwa daga Bawku da muka yi maƙwabtakar gado, na baro ta tana jinya, ku sa ta a addu'a tare da sauran marasa lafiya. Waɗanda suka rasu a ɗakin ina kwance, Allah ya jiƙansu da rahama.

Na gode, na gode, Allah ya bar zumunci.

Wassalamu alaikum.
'Yar'uwarku, daga Aboabo, Kumasi.