Takardar Mutum Tana Inda Abin Ya Faru

Idan aka tambaye ni sana'ata nakan ce neman takardu nake yi, sai mai tambaya ya ɗauka ko dillalin filaye ne ni. Ƙaramin kamfani gare ni, mu huɗu ne duka, kuma aikinmu bin ofisoshin ƙananan hukumomi muna zaƙulo abin da hukuma ta rubuta game da mutum: haihuwarsa, aurensa, mutuwarsa, gidan da ya mallaka, wasiyyar da aka shigar gaban kotu. Yawancin masu ba mu aiki lauyoyi ne masu harkar gado. Bayansu sai iyalan da ke bin asalin kakanninsu, da wanda zai sayi gida yana so ya tabbatar mai sayarwar shi ne mai shi.

Kusan kowa da adireshin da mutumin yake zaune yake zuwa mini, ni kuwa abin da nake fara tambaya shi ne: a ina abin ya faru? Takarda ba ta bin mai ita idan ya yi ƙaura. Wanda aka haifa a wannan yanki, ya yi aure a wancan, ya sayi fili a na uku, ya rasu a asibitin na huɗu, ofis huɗu ke riƙe da labarinsa, kuma babu wanda ya san abin da ke hannun ɗan'uwansa. Ga kuma iyaka da ke motsi. Idan aka raba ƙaramar hukuma gida biyu, tsofaffin littattafai galibi a uwar suke zama, sai ka tarar sabon ofishin ba shi da ko layi ɗaya na shekarun da suka riga kafa shi. Shi ya sa kafin in aika wasiƙa nake duba tsohuwar taswira.

Muna da abokan aiki a ƙasashe da dama, kuma kowace da tsarinta. Na Faransa ya fi burge ni. Tun 1792 aka karɓe rajistar haihuwa da aure da mutuwa daga hannun coci aka damƙa wa ofishin magajin gari, kuma duk shekara 10 ana haɗa fihirisar sunaye, wadda ke rage wa mai bincike wahalar buɗe littafi shafi-shafi. Abin da ya fi daɗi shi ne rubutun gefe. Daga 1897 aka fara rubuta auren mutum a gefen takardar haihuwarsa, daga 1945 aka ƙara da mutuwarsa. Ka sami shafi ɗaya, ya nuna maka ƙofar ofis biyu na gaba. A Ingila da Wales rajistar hukuma ta fara ne a 1837, asalin littafin yana ofishin rajista na yankin, kwafi kuma ana aikawa babban ofishi na ƙasa, don haka idan kwafin ya zo da kuskure akwai inda za a koma. Amurka kuwa gundumomi sama da 3,000 gare ta, kuma a yawancin jihohi takardun filaye a ofishin gunduma suke, jere da sunan mai sayarwa da na mai saye. Mutane da yawa suna ɗauka dokar 'yancin samun bayanai ta 1966 za ta buɗe musu wannan ƙofar, alhali hukumomin tarayya kawai ta shafa. Kowace jiha da tata dokar.

Intanet ta sauƙaƙa abubuwa, ban musa ba. Amma abin da ake ɗorawa sau da yawa fihirisa ce kawai, wani ne ya kwafe ta da hannu, wataƙila yana gajiye. Kotu kuma ba ta karɓar hoton fuskar kwamfuta, kwafi take so mai hatimi da sa hannun magatakarda. Saboda haka akawun da ke zaune bayan kanta ya fi mini kowane shafi daraja. Shi ya san littafin da aka kai gyaran bango, shi ya san shekarar da ruwa ya shiga ɗakin ajiya. Ina koya wa ma'aikatana su shiga da gaisuwa, su cika fom yadda aka ce, su biya kuɗin da doka ta yanka su karɓi rasit, ban da ko sisi a bayan fage. Su kuma je da buƙata a ƙayyade: cikakken suna, sunan mahaifi ko mahaifiya, tazarar shekarun da ba ta wuce biyar ba. Wanda ya ce wa akawu "duba mini duk abin da kuke da shi" ya jawo wa kansa jira.

Abin da ke hana ni barci a wannan aiki shi ne takwara. A farkon buɗe kamfanin wani lauya ya ba ni neman takardar mutuwar wani magajin da aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. Na samo ta cikin kwana uku, suna ya yi daidai, shekara ta yi kusa, na miƙa ina murna. Washegari ya kira ni ya ce, "Malam, ka duba sunan mahaifiyar kuwa?" Ban duba ba. Mamacin wani ne dabam, mutumin da muke nema yana raye, kuma da takardar ta wuce da an raba gado babu shi. Tun ranar ba na cewa na samu sai abu uku sun haɗu ban da suna: ranar haihuwa, sunan iyaye, da wuri ko sa hannu. Rubutun suna ma ba abin dogaro ba ne, domin magatakarda abin da kunnensa ya ji yake rubutawa, sai sunan mutum ɗaya ya fito iri uku a littattafai uku.

Akwai takardun da doka ta rufe, kuma ina goyon bayan rufewar. A Faransa cikakkiyar takardar haihuwa ko ta aure ba ta buɗe wa bare sai bayan shekara 75, ko da yake ta mutuwa kowa na iya nema. Ni ma ina da tawa iyakar. Duk mai ba ni aiki sai ya nuna shaidar ko shi wane ne, ya rubuta dalilinsa. Wani ya taɓa zuwa yana so in gano masa inda matar da suka rabu ta koma, yana cewa ai bayanan a buɗe suke ga kowa. Na ce masa idan yana da hakki ya bi ta kotu, na raka shi ƙofa. Wadda ta ɓoye inda take tana da dalilinta, ba da hannuna za a kai mata wanda ta guje wa ba.

Wani lokaci kuma takardar babu ita ne kwata-kwata. Gobarar da ta ci ma'ajiyar takardun gwamnati a Dublin a 1922 ta tafi da tarihin iyalai masu yawa na Ireland, kuma ƙananan ofisoshi ma sun sha gobara da ambaliya da gara. Idan haka ta faru ba na komawa hannu rabbana. Nakan rubuta wa mai aikin ofisoshin da na je, littattafan da na buɗe, shekarun da na bi da waɗanda suka ɓace, in haɗa da wasiƙar magatakarda mai cewa an duba ba a samu ba. Da wannan wasiƙar lauya kan nemi kotu ta karɓi wata shaida a madadi, kamar rantsuwar dangi ko rajistar makaranta, mu kuma mu tashi neman makarantar.